Yaya, Na Mayar da Ita

Ɗorayi Ƙarama, Kano

Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Jidda. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har tana takawa gidan Goggo da kanta. Ta ce in gaya maka ka dakata da aiko man zafi haka nan, wanda ke cikin kwabarta ya ishi layinmu gaba ɗaya. Auta ya gama jarrabawa, yanzu ba shi da aiki sai ƙwallo da neman ƙarin tuwo.

Takardar nan za ta same ka ta hannun maƙwabcinmu mai zuwa Umara, tare da yajin daddawa da kilishin da ka daɗe kana mita a kansu. Na zaɓi in rubuta ne don a waya ba na iya ja da kai. Da ka ce "ke dai ki yi haƙuri", shi ke nan bakina ya mutu, haka aka rene mu. A takarda kuwa sai ka ji ni har ƙarshe.

Na mayar da kwamfutar, Yaya. An karɓa, an ba ni wata sabuwa, da ita nake aiki yanzu. Na san ba haka ka so ba, kuma na san labari ya riga ya iso maka ta wajen abokinka mai shagon. Ina so ka ji shi daga bakina.

Kafin komai, na gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya jiƙan Baba da ya bar mana kai. Na san abin da kuɗin kwamfutar nan ya ci maka: tuƙi tun daga asuba, zafin da kake cewa ya fi na bazarar Kano, da hutun da ka fasa zuwa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi kuma ya bi bayanta. Ranar da na canja riyal ɗinka a Wapa, da hannu biyu na rungumi jakata har shagon a Titin Beirut. Saboda wannan gumi naka ne na kasa yin shiru.

Ka kuma san ba don gayu na nemi kwamfutar ba. Tun da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ga tsadar dizal, kamfanonin Sharaɗa sai lallaɓawa. Namu ya rage aikin dare, na kusa da mu ya sallami wasu. Kowa cikinmu yana kwana da tunanin ranar da za a miƙo masa takarda. Karatun ƙarshen mako da nake yi a Bayero, da ɗan lissafin da nake riƙe wa masu ƙananan injina a gida, su ne madogarata in ranar ta zo. Duka biyun kuwa a cikin kwamfutar nan suke.

A shago lafiya lau ta kunnu. Sabuwa dal a kwalinta, ledar ma a gabana aka yage. Umma har shafa ta ta yi ta sa mata albarka. Ba a rufa mako ba ta fara. Ina cikin shigar da albashin ma'aikata, sai wani siririn layi kore ya tsaga fuskar daga sama har ƙasa. Na ɗan tura murfin baya, ya ɓace; na jawo shi gaba, ya dawo da wasu. Daga nan ta koma mutuwa haka kawai, batir a cike, caja a jiki. Fanka ta yi ƙara, fuska ta yi baƙi, aikin da ban adana ba ya tafi. Ranar da ta yi min haka a aji, ina tsaye gaban malami zan gabatar da aikin rukuninmu, sai da na ari ta wata.

Da na kira ka, na ɗauka cewa za ka yi in shirya in koma. Sai ka yi shiru, sannan ka ce mutumin nan tare kuka yi firamare, shi ya tsaya a kan hidimar rasuwar Baba, kada in je in kunyata ka a gaban yaransa. In kai wa mai gyara, ko nawa ne ka biya. Yaya, maganar nan ta yi min ciwo. Na ji ka sa kunyar abokinka a gaba, ka sa wahalarka a baya, ni kuma ka bar ni a tsakiya da kayan da ba ya aiki.

Ba a banza Baba yake ce maka Sarkin Haƙuri ba. Ka tuna babur ɗin da aka ara aka dawo maka da shi a baro, ko uffan ba ka ce ba. Ina son wannan hali naka, shi ya riƙe gidan nan lokacin da muke ƙanana. Amma haƙuri da abin da Allah ya ƙaddara daban, barin haƙƙi a hannun wanda zai iya biya daban. Kada ka ji haushina, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ban tafi da zargi ba, sai da na bincika. Mai kula da kwamfutocin ofishinmu ya zauna da ni bayan an tashi. Ya kifa ta ya karanta lambar da ke ƙasanta, ya gwada da ta jikin kwali da ta rasit, duk ɗaya. Ya sa Windows ta fitar da rahoton batir, mai nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda ya rage masa, ba wani bambancin kirki. Ya duba awannin da ma'ajiyar bayananta ta yi tana aiki, 'yan kaɗan ne, kuma nawa ne. To ka kwantar da hankalinka, abokinka bai saka min tsohuwa a sabon kwali ba, ko da yake ana yin haka a kasuwa. Aibin daga masana'anta ya taho.

Ya ce yana zaton wayar da ke bi ta gaɓar murfi zuwa fuska ce, ko kuma injin kansa. Sannan ya ja kunnena kada in yarda kowa ya kwance mata ko noti ɗaya, don da zarar an buɗe ta, mai shago ya samu bakin magana, garanti kuma ya shiga rigima. Ka ga da mai gyaran nan na kai wa, da mun rufe wa kanmu ƙofa da hannunmu.

Daga nan ya sa lambar a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Garantin shekara ɗaya yana nan, amma na ƙasar da aka fara sayar da ita ne, ba na Najeriya ba. Da yawan kayan nan haka suke zuwa: a ƙera a Sin, a saro a Dubai, a sauke a Ikeja, a ɗoro a mota zuwa Kano. Duk tsawon wannan hanya, mai saye daga Ɗorayi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai ta wanda ya miƙa wa kuɗi.

Zuwana na farko ban same shi ba, yaransa na tarar. Ban gama bayani ba ɗaya ya ce, "Hajiya, ko dai yara sun zuba mata ruwa?" Na ce a'a. Ya ce to wutar unguwarku ce, ko janareto ya buga ta. Na juya cajar na nuna masa rubutun jikinta: tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240, tamu kuwa 230 ce, cajar kuma lafiyarta ƙalau. Na ce ko a batir take, mutuwa take yi. Ɗayan ya sa yatsa a ƙasan rasit, inda aka buga cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Aka kunna ta a gabansu, a ranar layin bai fito ba. Na ga irin kallon da suke yi min, na mace ba ta san kwamfuta ba. Na koma gida na ajiye waya kusa, duk lokacin da ta yi sai in ɗauki bidiyo, in haɗa da lambar jikinta.

A daren nan Baba na tuna. Ka fi ni sanin wannan, kai da kake kai masa abinci Chalawa a keke. Yadda yake ɗaga fatar jar akuya ya dubi haske ta cikinta, ya bi ta da tafin hannu yana neman yankan wuƙar mahauci, ko tabon ƙazuwa, ko inda kaska ta huda. Wannan ta ɗaya, wannan ta biyu, wannan gefe. Fatar da za ta Italiya ko Sifen ba a yi mata alfarma, ko da ta ɗan'uwan manaja ce. Ya sha gaya mana cewa in kaya ya dawo, kamfani ke ɗaukar asara, ba kuma wanda ya ɗauki haka cin mutunci. Abin kunya a wurinsa shi ne mutum ya ga aibi ya naɗe.

Ni ma aikina ke nan, in ka manta. Littafin kayan da aka dawo da su a hannuna yake. Dillalan Sabon Gari da na Singa kan dawo mana da bokiti mai tsagu da ledar da bakinta bai kama ba, in ƙirga, in rubuta, a ba su wasu. Wanda ya dawo da kaya ba ma rasa shi, gobe ma sai ya zo. Wanda muke rasawa shi ne wanda ya yi shiru ya koma wani kamfanin. Ta yaya zan yini ina karɓar bokitin mutane, in dawo gida in rungumi kwamfutar da ta fi albashina na watanni, in ce ba komai?

Kawu na Bompai na je wa. Har yanzu in an ambaci masaƙarsu sai muryarsa ta canja. Ya sake ba ni labarin da muka saba ji: jiniyar canjin aiki, kekuna sun cika titi, tun kafin SAP ta 1986, kafin rashin wuta da yadin waje su rufe masaƙu ɗaya bayan ɗaya. Amma ya ƙara wata magana da ta zauna min. Ya ce lokacin da ake yin kaya a garin nan, ɗan Kwari in ya ga bandir ɗin yadi yana zuba, get ɗin masaƙa yake zuwa, ya ga masu aikin ido da ido. Yanzu mai yin kayan yana wata duniya, duk amanar ta tattaru a wuyan mai shago. In shi ma aka ce kada a tambaye shi don kunya, to wa za a tambaya?

Kuma ba alfarma na je roƙo ba. Akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye wata uku daga ranar da ya karɓi kaya: in aibi ya bayyana ya mayar, a gyara, ko a canja, ko a ba shi kuɗinsa, ɗawainiyar kuma a kan mai sayarwa take. Rubutun ƙasan rasit ba ya goge wannan. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Ban kai ƙara ko'ina ba, ban ma yi niyya ba, amma sanin haka ya tsayar min da ƙafa.

Tun kafin doka ma, ai mun karanta a zauren Malam. Kai ne kake biya min babin ciniki na Risala in na kakare. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba, zaɓi nasa ne, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ka kuma san labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Addininmu bai ajiye kunya a wannan wuri ba.

Tare da Kawu muka koma, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Abokinka ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, ya aika a kawo lemo. Kawu bai ɗaga murya ba, bai ambaci hukuma ba. Ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ya yi wa kasuwa addu'a, sannan ya ce, "Ƙanwarka ce ta zo da magana, ka saurare ta." Na ajiye rasit da kwali a kan kanta, na kunna bidiyo. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo. Ya juya wajen yaransa, ba wanda ya ɗago kai.

Da farko ya ce zai aika da ita Legas a duba, in jira. Na ce jarrabawa na gabana, albashin ma'aikata kuma ba ya jira. Sai ya ciro wata 'yar Landan mai kyan gani, ya ce Core i7 ce, ta fi tawa, in ɗauka ba ciko. Na karanta lambar injin. Gaskiya i7 ce, amma zubi na 6, tawa kuwa i5 ce zubi na 12. A ƙa'ida Windows 11 ba ta hawa irin wannan, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Na ce masa, "Yaya, sabuwa aka biya, sabuwa nake so. In babu, a ba ni kuɗin." Jikina na rawa na faɗa, amma na faɗa.

Ya yi shiru, sannan ya ce wa Kawu shi ma da dala ya saro, kuma wanda ya sayar masa a Ikeja ba lallai ya karɓa cikin sauƙi ba. Na yarda da shi, na ga damuwar a fuskarsa. Kawu ya ce haka ne, amma kai kana da wanda za ka bi, wanda ba ya son ya rasa cinikinka, ita kuwa ba ta da kowa sai kai. Sai ya tashi da kansa ya shiga sito, ya fito da sabon kwali. Allah ya mayar masa da ninkinsa. Tashin nan da ya yi ya ƙara masa daraja a idona fiye da yadda kake zato.

Kafin in miƙa ta farkon, na riga na kwashe komai a filash, na fita daga imel da WhatsApp, na goge ta ta koma yadda ta fito. Lissafin kamfani amana ne, ga kuma hotunan kamun 'yar Goggo a ciki, mu mata zalla ba mayafi. Na gaya wa Anti ma, ko waya za ta kai gyara, ta fara kwashe hotunanta da na yara.

Sabuwar kuwa, a kan kantar nan na yi mata irin duban Baba. Na buɗe murfi na rufe, na tura baya na jawo gaba. Na sa fuskar ta yi fari fat, sannan baƙi ƙirin, ina neman ɗigon da ya mutu. Na danna kowane harafi, na gwada kowace kafa da filash, na jona intanet, na yi magana na saurari muryata, na zare caja na bar ta tana bidiyo har aka kira la'asar. Yaran sun ƙosa, shi kuwa ya ce a bar ni in gama. Aka rubuta sabon rasit da lambar jikinta da kwanan wata, ya sa hannu, ya kuma soke layin nan na ƙasa da bironsa ba tare da na roƙa ba.

Zumuncinku bai taɓu ba, Yaya. Ran Juma'a ya zo gaishe da Umma da ledar lemo da ayaba, suka daɗe suna hirar ƙuruciyarku. Wata 'yar ajinmu da ke neman kwamfuta, shagonsa na kai ta, na ce mata nan in abu ya samu matsala ana tsaya miki. Da na yi shiru yadda ka so, da duk ranar da na bi ta ƙofar shagon sai na kau da kai, kai ma in ka dawo za ka gaishe shi da wani abu a ranka. Shirun ne zai ci zumuncin a hankali.

Tana nan lafiya, ba layi ba mutuwa. Na sayi sitabilaiza, kuma in an kawo wuta ba na jona ta sai ta zauna. Na ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu, ba na ɗora ta a katifa don kada iskarta ta toshe. Auta ya san iyakarsa, kallo daga nesa. Kwali yana saman kwaba, rasit yana akwatin Umma tare da takardun gida.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ka kira abokinka ka yi masa godiya, amma kada ka ba shi haƙuri a madadina. Ban yi masa laifi ba, shi ma bai ce na yi ba.

Na biyu ya fi damuna. Kuɗinka na watannin baya da ka ce ubangidanka ya riƙe, Anti ta gaya min har yanzu ba ka yi masa maganar ba. Ka yi masa. Ka rubuta abin da kake bi da kwanakinsa, ka nemi shaida, ka je da babba in da hali, cikin ladabi yadda ka iya. Guminka ne, Umma da 'ya'yanka suna da haƙƙi a ciki. Don Allah, Yaya, kada watan nan ya ƙare ba ka tambaya ba.

Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami. Kowa na gaishe ka.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
'Yar Baba